Tsohuwar Ungozoma da Tocilar da Ba Ta Cin Batir

Kin ce tun da ciwon nan ya taɓa miki jiki ba ki da sauran amfani a gidanki. To, gyara zama, ki ji wani misali.

A wani ƙauye da ke ƙetaren kogi an yi wata ungozoma wadda rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Da tsufa ya zo mata, bai taɓa idonta ba, bai taɓa hankalinta ba, sai ya sauka a hannu. Hannun nan ya riƙa rawa, in ta ɗebo koko a ludayi sai rabi ya zube kafin ya kai baki. Ranar da reza ta kusa kufce mata a kan cibiyar wani jariri, sai ta naɗe kayan aikinta ta miƙa wa 'yar ƙanwarta, wadda ita ta koya wa sana'ar. Daga nan in ana haihuwa a gari, tabarma ake shimfiɗa mata a bakin ƙofa, a ce, "Iya, ke dai ki yi mana addu'a." Tana yi kuwa, da zuciya ɗaya. Amma Allah ne kaɗai ya san abin da take ji in an saki labule an bar ta a waje.

A gidan wani manomi na garin akwai wata tocila da ƙaninsa direba ya kawo masa tsaraba. Ba ta cin batir. Wani ɗan ƙarfe ne a cikinta mai kai da komo, sai an girgiza ta da ƙarfi tukuna ta tara wuta, ta haska na ɗan lokaci, ta dusashe, a sake girgizawa. Mutanen gidan suka yi ta dariya, suka ce wannan ai caki ce ba tocila ba. Aka jefa ta cikin kwando a ƙarƙashin gado, aka manta da ita.

Ran nan ana tsakiyar damina, naƙuda ta kama matar manomin bayan la'asar. Kogi ya kawo, mai kwalekwale ya ce ko kusa ba ya shiga, hanyar asibiti ta yanke. Hadari ya haɗu, ɗakin ƙasa mai 'yar taga ya yi duhu kamar cikin rumbu. Wayoyi duk sun mutu, don kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba balle a yi caji da sola. Aka ɗauko tocilar batir, ashe batiran sun yi ruwa a ciki. Aka kunna a-ci-bal-bal, iska ta hure. Haihuwar kuma ta zo da gardama, sabuwar ungozoma tana ta lalube a duhu. Sai a lokacin aka tuna da caki. Uwar miji ta karɓa, amma da ta ji abu yana ƙara a ciki sai ta tsorata kada ta fasa, ta riƙa lallaɓa ta kamar ƙwai. Hasken da ya fito bai fi na garwashin da ya kusa mutuwa ba.

Tsohuwar ungozoma, da ke kan tabarmarta a bakin ƙofa, ta ɗaga labule ta rarrafo ciki, ta ce, "Miƙo nan, 'yar uwa. Hannun nan ya daɗe yana rawa babu kiɗa, yau ga kiɗa ya samu."

Ta yi bismillah, ta kama tocilar nan da hannu biyu ta shiga girgizawa. Hannun da ba ya iya tsayar da reza, girgiza ba ta zame masa baƙon abu ba. Kuma kunnenta bai manta aikinsa ba. Daga numfashin mai naƙuda take gane ciwo ya lafa, sai ta kashe tocilar ta yi ta girgizawa tana tara wuta. In ta ji nishi ya taso, sai ta kafa tocilar a kan gwiwarta, ta danne da haɓa don kada haske ya yi yawo, ta kunna daidai inda ake bukata. Haka suka yi ta yi, gumi yana ɗiga daga goshinta, kafaɗunta kamar za su cire, ba ta ce wani ya karɓe ta ba. Da kan jariri ya fito, hasken ya sauka a wuyansa, ga cibiya ta naɗe shi tam. 'Yar ƙanwar ta zura yatsa ta zare ta ta saman kai. Yaro ya faɗo shiru, ko motsi babu. Ana murza masa baya, tocila tana dusashewa, tsohuwa tana girgizawa tana salati. Can sai ya ja numfashi, ya tsala kukan da ya danne ƙarar ruwan sama. Uban yana tsaye a tsakar gida, ya jiƙe sharkaf, nan ya faɗi ya yi sujada cikin taɓo.

Kin ga, Allah bai mayar mata da hannunta na ƙuruciya ba. Da wannan mai rawar aka yi aikin, a ranar da duk masu lafiyar hannu suka rasa yadda za su yi. Shi ya sa magabata suka ce, kowa da ranarsa, mai ido ɗaya ya leƙa buta.