Direban da Ya Ari Sunan Wansa

Kai da kake cewa takarda ai takarda ce kawai, zauna ka ji. An yi wani saurayi da ya iya tuƙi, amma bai yi boko ba, ba a kuma taɓa yankar masa takardar haihuwa ba. Wata ma'aikata ta buɗe ɗaukar direbobi, aka ce sai mai takarda. A shekarar ne wansa ya rasu a ƙauye, aka binne shi kafin la'asar, ba wanda ya rubuta ko'ina. Ya bar mata da jariri da gona, da takardunsa a ƙasan adaka. Ƙanin ya ɗauko su ya kai, aka ɗauke shi aiki. A ransa na ɗan lokaci ne, in ya zauna da gindinsa sai ya gyara. Bai gyara ba. Shekara talatin, a gida sunansa daban, a wurin aiki yana amsa sunan mamaci. Da sunan ya yi lasisi, da shi ya yi katin ɗan ƙasa. Duk ranar da aka ce ana tantance ma'aikata sai ya kasa zama, ya fita ya wanke motar da ya riga ya wanke.

Jaririn nan ya girma ya zama magidanci. Wani maƙwabci ya ci masa iyakar gona, suka je gaban alƙali, alƙali ya ce ya kawo takardar mutuwar mahaifinsa kafin a saurare shi a matsayin magaji. Ya je ofishin rajista, ma'aikacin ya duba na'ura ya ce ai wannan mutumin yana raye, bara ma ya sabunta katinsa. Ya juyo masa hoton. Da yamma sai ga shi a ƙofar gidan direban, ko zama bai yi ba, ya ce, "Baffa, an ce ubana bai mutu ba. Fuskarka na gani." Kwana uku direban yana kai da komo tsakanin zaure da tsakar gida. In ya yi shiru, damina ta kusa, gonar maraya za ta tafi. In ya yi magana, aikinsa ne, saura shekara biyu ya huta, ga 'ya'yansa bakwai duk takardun makarantarsu na ɗauke da sunan da ba na ubansu ba. Rana ta huɗu ya sa hula ya tafi kotu, ya rantse cewa wansa ya rasu shekara talatin da suka wuce, shi ma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Aka ba ɗan wansa takardar, gona ta tsira. Shi kuwa aka sallame shi daga aiki. Da furfurarsa ya shiga zaga ƙauyuka yana neman tsofaffi biyu da za su shaida shekarar da aka haife shi don a yanka masa takarda da sunansa, ya tarar ɗaya ta rasu, ɗayan kuma ya rikice, sai kiransa yake da sunan wansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zanen aro ba ya rufe katara.