Wutar Jego

Tun da ƙaramar hukuma ta kafa hancin ƙarfe mai shinshinar hayaƙi a kan kowane rufi, minti goma na hayaƙi aka yanka wa kowane gida a rana. Wanda ya zarce, a kwashe masa duwatsun murhu.

Na Inna Tasalla jiya aka kwashe, ga 'yarta Hansai kwana uku da haihuwa, babu ruwan wankan jego. Da safe ta dira a sakatariya.

"Ranka ya daɗe, wace tukunyar jego ce ke tafasa a minti goma?"

Jami'in hayaƙi ya duba takardunsa. "Inna, jego ba ya cikin tsari. Bikin aure muka sani, da mutuwa."

"Mutuwa minti nawa ce?"

"Awa biyu kullum, har sadakar arba'in."

"Wato sai sanyi ya kashe min ita za ku ba ni wuta?"

"Iskar jikanki muke karewa." Ya sassauta murya, ya turo mata takardar mutuwa. "Cike wannan, a mayar miki da duwatsunki yau. Ba ma zuwa ganin gawa. Suna kawai muke gogewa daga cikin masu rai."

Inna Tasalla ta fizge biron hannunsa, ta rubuta sunan kanta.