Yatsun Maginiya

Tunda ka ce ciwon naka bai wuce gwiwa ba, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wata maginiya a wani ƙauye na bakin fadama, wadda randarta ke sanyaya ruwa har haƙori ya amsa. Wata damina sai yatsunta suka fara kumbura. In ta tashi da safe sai ta tarar sun sandare, gaɓoɓin sun ɗau zafi, ba sa saki sai hantsi ya dubi ludayi. Ta ce sanyin yumɓu ne, ta shafa man zafi ta koma kan aikinta. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, kumburin bai tafi ba, sai ma baƙi da ya riƙa gayyatowa. Gajiya ta zo ta yi zaune. Da la'asar jiki ya yi ɗumi, tafin hannu ya yi fari fat, idanu suka bushe kamar an watsa musu yashi, in ta ɗauko tulu daga rafi sai ta tsaya a hanya ta dafe ƙirji. Kowanne ta nema masa maganinsa daban: zogale don jini, kwalli don ido, jiƙo don zazzaɓi. A ganinta tsufa ne ya sauka da iyalansa.

Mijinta manomi ne marar yawan magana. Bai taɓa ce mata ta bar gini ba, don ya san nan ranta yake. Sai dai ta wayi gari ta ga an haƙo yumɓu, an jiƙa, an tattake. Ya sassaƙa mata muciya mai kaurin ƙota don hannunta ya iya kamawa. In ya yi mata zancen asibiti sai ta yi dariya, ta ce wa ke zuwa birni saboda yatsa. Ran nan ta gama wata babbar randa da ta daɗe tana lallaɓawa, ta ɗaga za ta kai inuwa, hannu ya ƙi, numfashi ya ƙi, randar ta tarwatse a gabanta. Mijin ya tsince gutsattsarin, washegari ya tare musu mota.

Likita ta saurare ta har ta gama lissafo cututtukanta, ta sa aka ɗebi jini aka auna. Sannan ta riƙe hannun nan ta ce, "Inna, cutarki ɗaya ce. Kumburin da ya daɗe a gaɓa ba ya tsayawa a gaɓa. Wutar ƙaiƙayi ce, tana ci ta ƙasa, jini na kai ta ko'ina." Aka ɗora ta kan magani na dogon lokaci. Sannu a hankali zazzaɓin ya janye, jini ya dawo, numfashi ya daidaita. Yatsun da suka riga suka karkace kam ba su miƙe ba, randa ta gagare ta har abada, amma ta koma gina kasko da ƙananan tukwane, kuma ba sa kwana a kasuwa.

Sai da jikinta ya yi sauƙi idonta ya buɗe a kan mijin. Ta ga riga ta yi masa yawa, wuya ya zurma, tuwon da yake tashi da malmala biyu yanzu rabi yake ci. Sai ta tambaye shi.

"Malam, kai kuma me ke damunka?"

Ya dube ta, ya yi murmushi, ya ce, "Yatsunki."

Gaskiyar Hausawa da suka ce, abin da ya taɓa hanci, idanu ruwa suke yi.