Fitilar Mai Yasar Rijiya

Ka ce wanda bai yarda da Allah ba, bai yarda da gaibu ba, shi kam ya huta da neman ma'anar abin da ya same shi. Ban ce ka yi ƙarya ba, amma gyara zama ka ji labarin wani mai yasar rijiya.

A hannun ubansa ya koyi sana'ar, sai dai bai gaji imanin uban ba. Tun yana saurayi ya ce abin da idonsa bai gani ba, hannunsa bai taɓa ba, to babu shi. Suka yi ta sa-in-sa da tsohon har ƙasa ta rufe masa ido ba su shirya ba. Al'ada ɗaya ce kawai ɗan bai yar ba. Masu yasa ba sa shiga tsohuwar rijiya sai sun kunna fitila sun zura ta da igiya: in ta kai ƙasa tana ci a shiga, in ta mutu a hanya a fasa. Uban yakan ce mutanen ɓoye ne ke hure ta don ba su ba da izini ba. Ɗan kuwa dariya yake yi, ya ce rijiyar da ta daɗe a rufe iskar cikinta ruɓewa take yi, kuma abin da ya kashe wuta zai kashe mutum. Maganin abin a bar ta a buɗe kwana biyu, a yi ta zura reshe mai ganye ana jawowa. Ya faɗa wa mutane wannan ya fi sau ɗari, har waɗanda ba su tambaye shi ba, don mutum ne mai son a san ya sani.

Wata bazara aka kira shi wani ƙauye da bai taɓa takawa ba. Rafinsu ya ƙafe, suna so a yashe musu wata rijiya da ta shekara bakwai a rufe. Ana ɗage itatuwan da aka danne bakinta da su, sai ya ga shatin tafin hannu a jikin siminti, yatsu huɗu, babu ƙaramin. Hannun ubansa ne. Haka tsohon yake dangwala wa duk rijiyar da ya gina, ƙaramin yatsan kuwa igiya ce ta cinye shi tun yana matashi. Ba da son ransa ba ya ƙirga kwanaki a zuci, ya tarar ranar ce tsohon ya cika shekara guda cif da rasuwa. Ya ce wa kansa ai uban ya gina rijiya ta fi sittin a ƙasar nan, dole wata rana ya ci karo da ɗaya, kuma babu ranar da ba ta yi daidai da wani abu ba. Hujjar ta zauna daram, amma ya sake duban shatin.

Ya kunna fitila ya zura. A zurfin gaba tara ta mutu. Ya jawo, ya gyara lagwani, ya sake zurawa, ta mutu a nan. Karo na uku ma haka. Wani dattijo cikin masu kallo, wanda ya san maginin rijiyar, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, mahaifinka ne ke ce maka kada ka shiga."

Daga nan natsuwa ta ƙaurace masa. Ya zauna a gindin bishiyar bedi, ya miƙe, ya zagaya rijiyar, ya dawo ya tsaya kan shatin hannun yana kallo. Aka ba shi ruwa ya kurɓa ya ajiye. Yana jin haushin uban nasa, yana kuma kewarsa, kewar da bai taɓa yarda yana yi ba. In ya naɗe igiyarsa ya ce sai jibi, ƙauyen nan kaf za su ce matacce ya yi magana kuma ɗa ya bi. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi cin ransa, shi kansa ba zai san ko don ruɓaɓɓiyar iska ya fasa ba, ko don uban. Shekara ashirin yana musu da mutum, yau kuma ya sallama masa a bakin rijiyar da ko kabarinsa ba a nan yake ba? Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa maza huɗu bakinta, ya ce, "Matacce ba ya hure fitila." Ya shiga.

A gaba tara igiyar ta yi nauyi a hannunsu. Suka kira shi, shiru. Kafin su jawo shi waje rai ya yi halinsa.

Kada ka tambaye ni ko ubansa ne ya yi magana ran nan, wannan ya fi ƙarfin sanina. Abin da na sani, mutumin da ya fi kowa a wurin sanin dalilin mutuwar fitila shi ne ya shiga. Dacen nan na rana da shatin hannu da ya ce ba komai ba ne, shi ya ja shi da hanci, kamar yadda yake jan mai camfi, sai dai shi ta baya ya ja shi. Ya shagala da musun wanda ya hure fitilar har ya manta cewa ta mutu, sau uku, a wuri ɗaya. Hausawa kuwa tuni suka ce, ruwa ba ya tsami banza.