Muryar Bakin Ƙofa

Ina buɗe ƙofa na ga mutumin da ya aske wa mijina suma da ƙarfin tsiya bara. Shi ya ja samarin ƙauye suka fasa mana ektara, molonmu mai tsirkiya ɗaya, suka ce waƙar Baul, ta mawaƙa masu yawo irin mijina, kafirci ce.

"Yau kuma me za ka yanke?" na ce. "Gashin ai bai gama tohowa ba."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, Innata ce ba lafiya. Ta ƙi abinci, ta ƙi magani. Wai sai an kira mata mahaukacin mawaƙin nan."

Na so in rufe ƙofar, amma mijina ya riga ya zura rigarsa mai faci-faci. Muka haye kogin Gorai a kwalekwale.

Mun tarar da tsohuwar kwance a tabarma, ta zama ƙashi da rai. Mijina ya durƙusa, ya soma waƙar masoyin da ake nema a masallaci da haikali, alhali yana zaune cikin ƙirji. Ta buɗe ido tana amsawa, har numfashi ya gaza mata a tsakiyar baiti.

Sai wata murya daga bakin ƙofa ta ɗauki baitin, ba gargada. Ɗanta ne. Ya dafe bakinsa a firgice.

"Inna, ashe da waƙarsu kike lallashina in yi barci?"

"Da ita na raine ka," ta ce. "Matso kusa, ka ƙarasa."

Mijina ya gusa, ya ba shi wuri.