Ƙarfen 'Yar Maƙeri

Da 'yar maƙerin ta zaro wani tiyon roba daga na'urar da ke bugawa kamar zuciya, ta ɗaga shi a hasken fitila, sai ta ga wayam. Ɗan ƙarfen da ta saka a ciki bara, mai kama da raga, ko ɓurɓushinsa babu.

Mahaifinta, tsohon maƙeri da ya kawo mata ziyara ɗakin gwaji, ya leƙo ta kafaɗarta ya rafka salati.

"Tsatsa ta cinye? Kina 'yar maƙeri guda! Ai da kin tambaye ni, da na ce ki shafa masa mai."

Ta danne dariya. "Baba, ba fartanya ba ce. A jijiyar jinin da ta toshe za a sa shi, ya tokare ta har ta warke. In ta warke, zamansa cuta ne. Na sha wuya a kansa: wani ya narke tun ba a je ko'ina ba, wani ya kafe ya ƙi tafiya. Wannan ya gama aikinsa, sannan ya tafi."

Tsohon ya sake duba tiyon. Tun yana yaro yake yaƙi da tsatsa, bai taɓa jin wanda ya mai da ita 'yar aike ba.

"In kun gama da robar nan, a ba ni."

Yanzu tiyon na rataye a maƙera, sama da gudumar kakansa. Kowa ya tambaya, sai ya ce, "Aikin 'yata ne."

Sai a ce masa, "Ai ba komai a ciki!"

"To, ƙera irinsa mu gani."