Tallar Alhaji Sada

Ranar Talata, shida ga Nuwamba, 2007, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Malam Musbahu ya ajiye wata wasiƙa a kan teburin kafen intanet na Taufiq da ke Kura. Su biyar ne a zaune, babu wuta, fanka a tsaye.

Shekara biyu ke nan suna aikin Mashigi. Manhaja ce ta shiga intanet, wadda masu ita na asali suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara kyauta. Su kuma suka mayar da ita Hausa, suka sa farashin tumatir da ranakun sakin ruwa a kanal a shafin farko. Manoma kan shigo da taɓo a ƙafa a karanta musu. Ba a biyan kowa cikin su biyar. Amma kwamfutar da ke riƙe da shafin ta haya ce, kuma masu ita sun rubuto cewa ƙarshen wata za su rufe idan ba a biya ba.

Doka ɗaya ƙungiyar take da ita, Musbahu ne ma ya rubuta ta: babu ɗan ƙungiyar da zai ɗauki nauyin Mashigi daga aljihunsa. Sun ga yadda aka yi da rijiyar unguwarsu. Wanda ya sayi siminti, shi ya ƙare da makulli.

Wasiƙar ta wani Alhaji Sada ce, mai sayar da injunan ban-ruwa a Bunkure. Zai biya hayar shekara guda idan aka sa tallarsa a saman shafi.

Fatihu, ƙaraminsu, ya ture takardar. "Yau inji, gobe maganin basir. Malam, kai ne fa ka koya mana abin jama'a ba ya da ubangida."

"Ni ne," in ji Musbahu. "Kawo wata hanyar kafin talatin ga wata."

Babu wanda ya kawo. Aka kaɗa ƙuri'a, uku suka rinjayi biyu. Fatihu ya ɗauki hularsa, bai sake dawowa ba.

Talla ta hau. Layi biyu ne da lambar waya, Musbahu ya ƙanƙanta rubutun iyakar iyawarsa. Abin da ba su yi tunani ba shi ne halin mutanensu. Mashigi bai taɓa kuskuren ranar ruwa ba, don haka duk abin da ya fito a kansa, a wurin manoma maganar malamin gona ce.

Ran kasuwar Bunkure, wani dattijon manomi, Baba Tambaya, ya tafi sayen inji. Da la'asar ya dawo kafe yana huci.

"Malam Musbahu, shekarata sittin ina cin kasuwar nan. Sada biyu na sani. Ɗaya mahauci ne, ɗaya yana maƙabarta. Wanne ne naku?"

Musbahu ya ce Alhajin mutum ne mai yawan tafiya, kayansa a Kano suke. Aka kira lambar, a kashe. Aka kira washegari, a kashe.

Wannan ranin bai yi wa Musbahu daɗi ba ta kowace fuska. Gonarsa a tudu take, inda ruwan kanal ba ya hawa da kansa. Maƙwabta sun riƙa ganinsa bayan an tashi makarantar da yake koyarwa, yana jido da jarka biyu a keke. Ya ce injinsa na wurin bakanike. Tumatirin ya yi fure, furen ya zube.

A watan Fabrairu Mudassiru, wanda ya fi kowa hannu a kwamfuta, ya ce a sauke tallar. Musbahu ya amsa cewa an yi alkawarin shekara, kuma hayar ta riga ta tafi. Mudassiru ya kwafi manhajar, tunda ta kowa ce, ya buɗe tasa marar talla. Wata biyu ta yi, ta mutu don rashin mai biya.

Daga nan magana ta canja a majalisu. Idan Sada ƙarya ne, wa ya san ranar ruwan? Manoma suka koma aika 'ya'yansu bakin kanal su duba da ido. Wasu suka fara cewa a kafen Taufiq ake damfara. Taufiq ya jure har damina, sannan ya goge Mashigi daga kwamfutocinsa shida, yana ba Musbahu haƙuri ba tare da ya kalle shi ba.

Aikin ya koma tsohuwar kwamfutar ofishin ƙungiyar manoma, inda Zuliha, ɗaya daga cikin su biyar ɗin, take sakatariya. Sau uku ta roƙi Musbahu ya kai ta wurin Alhajin, ko a samu Alhajin ya buɗe wayarsa a huta. Sau uku ya sa rana. Duk ranar da ta zo, sai wani uzuri ya taso.

"Malam, ko tsoronsa kake ji?" ta tambaye shi.

"Ba na iya haɗa ido da shi," ya ce.

Ranar Lahadi, talatin ga Nuwamba, 2008, shekarar ta cika. Wata wasiƙa ba ta zo ba, aka rufe shafin da azahar.

Ga waɗanda suka rage a ranar. Zuliha, wadda ta buga farashin safiyar duk da haka. Baba Tambaya, wanda sabo ya hana shi daina zuwa. Malam Musbahu. Sai Alhaji Sada, wanda ba shi da shago kuma ba a taɓa raɗa masa suna ba, domin Musbahu ne ya ƙirƙiro shi ran da ya sayar da injin gonarsa ya biya hayar.